Danjar LED da fitilar gargaɗi a dashbod: abin da ya kamata ku sani

Duk direban da ke bin titin da ya taso daga Sakkwato, ya ratsa Tambuwal da Jega da Maiyama, ya miƙe zuwa Koko da Yawuri, ya san amfanin jajayen fitilun nan na bayan mota. Titi ne na manyan motoci, tireloli da tankoki da daf-daf masu kai albasar Aliero kudu, kuma in dare ya yi, a mafi yawan tsawonsa babu wani haske sai wanda motoci suka zo da shi. Idan danjar motar da ke gabanka ta mutu, ba ka sanin tana nan sai ka kusa shigewa ƙarƙashinta. In hunturu ya shigo, hazo ya sauka, abin ya fi haka muni.

Shi ya sa ban ga laifin wanda ya cire tsofaffin ƙwayayen danja ya sa na LED ba. Tsohon ƙwai yana da wani siririn zare na ƙarfe a ciki, sai ya yi zafi jawur sannan ya ba da haske. Gargadar hanya, irin wadda masu shiga Gumbin Kure ko Andarai ko Mungadi da kaya suka sani, ita ce ke tsinka zaren nan, har mutum ya gaji da sayen ƙwai. LED ba shi da zare, ba ya shan wuta sosai, kuma da an taka birki yake kamawa. Tsohon ƙwai yana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa kafin haskensa ya cika. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 5 da rabi a wannan ɗan lokacin, tsawon ƙaramar mota da 'yan kai. Ga mai bin ka a baya, wannan tazarar tana iya raba shi da karo. Masu ƙera motoci sun daɗe da gane haka. Tun 1986 motar Corvette ta Amurka ta fito da fitilar birki ta uku mai LED, a 2000 kuma Cadillac DeVille ta fito da danjar LED tun daga masana'anta.

Rigimar tana tashi ne bayan an gama ɗaurawa. Ka biya mai rewaya, ka murza makulli, sai ga hoton ƙwan fitila launin ruwan ɗorawa ya fito a dashbod, mai alamar motsin rai a tsakiyarsa. Ko ka ba da sigina ka ji tana ƙas-ƙas-ƙas da sauri ninkin yadda ta saba. Wani kuma fitilar ABS ce za ta kama, wani danjar ce za ta riƙa walƙiya alhali mota a kashe take. Ka koma wurin mai gyara, ya ce maka, "Alhaji, wanga ba komi ba ne, ai fitila tana kamawa." Gaskiya ne tana kamawa. Amma motar ma ba ƙarya take yi ba, kuma ya kamata a san abin da take faɗa kafin a rufe mata baki.

Me motar take aunawa?

Mota ba ta ganin hasken danjarta. Abin da take iya yi shi ne auna yawan wutar da kowane ƙwai ke ja. Ɗan kasuwar albasa a Aliero ba sai ya kwance bakin buhu ba, da ya ɗaga ya ji babu nauyi ya san an rage. To haka motar take yi da wuta.

Ƙwan birki da na sigina na gargajiya wat 21 ne. A motar da ke aiki da bolt 12, yana jan amfiya 1.75. Ƙaramin ƙwan danja da ke zama a kunne duk dare wat 5 ne, yana jan ƙasa da rabin amfiya. Ƙwan LED da aka sa a gurbin mai wat 21 sau da yawa wat 3 ne ko kusa da haka, wato kwata na amfiya, kashi ɗaya cikin bakwai na abin da motar ta saba ji. A lissafinta, ƙwan da ke jan wuta kaɗan haka ya ƙone, don haka ta sanar da kai.

Saurin sigina ma da gangan aka yi shi. Ƙa'idar masu ƙera motoci ita ce sigina ta ƙyafta tsakanin sau 60 zuwa 120 a minti. An tsara filasha, na'urar da ke ƙyafta sigina, ta yadda in ƙwai ɗaya ya mutu za ta ninka sauri, domin direban da ke zaune a gaba ya san wani abu ya faru a baya. Gefe ɗaya na mota yana da ƙwai biyu masu wat 21, gaba da baya, da wani ƙarami a jikin fenda ko madubi. Ka cire na baya ka sa LED, kusan rabin nauyin ya tafi, daidai da abin da filasha take ji in ƙwai ya ƙone.

Ba kowace mota ce ke wannan awon ba, kuma masu yi ma kowace da hanyarta. Camry ta ƙarshen shekarun 1990, wadda ake ce wa Pencil, tana da wani ɗan akwati a cikin but wanda aikinsa kenan, ya ji in ƙwan baya ya mutu ya kunna alama a gaba. Honda Accord na wancan zamanin suna rubuta BRAKE LAMP a dashbod. Motocin Turai na baya-bayan nan sun fi tsanani. A Mercedes akwatin da ake kira SAM ne ke raba wuta ga fitilu, a Peugeot 407 akwai BSI, Golf kuwa daga ta 5 zuwa sama kwamfutar jikin mota ce ke riƙe da fitilun. Waɗannan akwatuna suna magana da juna ta wayoyi biyu, a wani tsari da kamfanin Bosch na Jamus ya gabatar a 1986 mai suna CAN, wanda Mercedes ta fara sa shi a babbar motarta ta S-Class a 1991. Wasu daga cikin irin waɗannan motoci ba sa jiran ka kunna fitila. Suna aika ɗan guntun wuta lokaci zuwa lokaci don su taɓa ƙwan su ji ko yana nan. Guntun ya yi kaɗan ya ɗumama zaren tsohon ƙwai, don haka ba wanda ya taɓa lura da shi, amma LED da ya ji wuta yake haskawa. Wannan ita ce walƙiyar da kake gani mota a tsaye.

Kafin a sayi komai

Abu na farko, kada ka bar tsofaffin ƙwayayenka a gareji. Karɓe su. Su ne mafi arhar na'urar gwaji da kake da ita. In alamar gargaɗi ta fito, a mai da tsohon ƙwai gurbinsa, a kashe mota a sake kunnawa. Alamar ta ɓace, ka tabbata rashin nauyin LED ne. Ta ƙi ɓacewa, to akwai wata cuta daban, watakila ma a wajen ɗaurawa aka jawo ta, kuma duk abin da za ka saya don LED ba zai warkar da ita ba.

Cututtukan da ake jawowa wajen ɗaurawa sanannu ne. LED yana da gaba da baya wajen wuta, wasu in an juya su ba sa kamawa sam, sai a zare a juya. Wayar at, wadda ake ɗaurewa a jikin bodi, in ta yi tsatsa ko ƙura ta cika ta, wuta takan nemi hanyar komawa ta cikin wani ƙwai, sai ka ba da sigina danja ta riƙa dushewa tare da ita. Damina ɗaya ta isa ta sa kore a cikin soket. A kankare, a ɗaure da kyau, sau da yawa nan zancen yake ƙarewa.

Akwai kuma ƙwai mai aiki biyu, danja da birki a haɗe, wanda ake rubuta 21/5 a jikinsa. Yana da gindi biyu a ƙasa, kuma 'yan kunnuwansa na gefe ba a layi ɗaya suke ba, domin kada ya shiga a juye. In aka tura shi da ƙarfi a juye, danja za ta fi birki haske, na bayanka ya kasa gane lokacin da ka taka. In kuma aka cusa mai gindi ɗaya a soket mai gindi biyu, ya haɗe layin birki da na danja. Alamarsa ita ce ka taka birki fitilun dashbod da na fakin su kama. Wasu ƙwayayen LED masu araha suna yin wannan haɗin a cikinsu ko da an sa su daidai, saboda babu dayod mai hana wuta komawa baya. Irin wannan ƙwai ba shi da gyara, canza shi ake yi.

Wanda ya sayi danja sukutum, ba ƙwai kaɗai ba, kamar masu yi wa tsohuwar mota kwalliya ta koma kamar sabon yayi, yana da ƙarin abin dubawa. Toyota da Honda da ke hannun mutanenmu da yawa daga Amurka da Kanada suka fito, Golf da Sharan da Vectra kuma daga Turai. A Amurka an yarda siginar baya ta zama ja, har wasu motocin ƙwai ɗaya ne ke yin birki da sigina. A Turai dole siginar ta zama ruwan ɗorawa, a ware, kuma akwai ƙarin jar fitila ta hazo. Danjar da aka yi wa motar Turai in aka ɗaura wa 'yar Amurka, filogin na iya shiga amma wayoyin ba su dace ba. Mai rewaya na kirki mita yake ɗauka ya bi waya ɗaya bayan ɗaya, ba ya dogara da launin waya.

Hanyoyin gyara

In matsalar saurin sigina ce kaɗai, kuma motar tsohon yayi ce mai filasha da ake zarewa, gyaran ya fi kowane sauƙi. A zare filashar a sa wadda aka yi don LED, wadda ba ruwanta da nauyi. A Golf 3 tana cikin akwatin fis. A Golf 4 tana haɗe da makunnin hazad, don haka ba a zare ta ita kaɗai. Toyota da yawa na shekarun 2000 suna da mai ƙafa 8, tsofaffin motoci kuma mai ƙafa 3 ko 2. A tafi da tsohuwar shago a gwada ƙafafu, domin masu ƙafa 3 ma iri biyu ne, ana musanya wurin wayar wuta da ta at. Wannan hanya ba ta kawo zafi, ba a yanka waya ko ɗaya.

In kwamfuta ce ke riƙe da fitilu, babu filashar da za a zare. Abin da ya fi dacewa shi ne a sa wa motar kwamfuta ta soket mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, a shiga akwatin da ke kula da fitilu, a gaya masa cewa wannan layin yanzu LED ne, ko a kashe taɓawar da yake yi mota a tsaye. Volkswagen da Audi da BMW suna karɓar wannan sosai. Sai dai ƙananan na'urorin da ake haɗawa da wayar hannu galibi injin kawai suke karantawa, ba sa shiga akwatin jikin mota. Ana bukatar babbar na'ura da wanda ya san ta. In babu a kusa, tafiya Birnin Kebbi ko Sakkwato ta fi a bari a yi wa akwatin lalube, domin kuɗinsa ya ninka na danja sau da yawa. Kuma a sa mai aikin ya rubuta yadda saitin yake kafin ya taɓa.

Sai ƙwayayen da ake rubuta CANBUS a kwalinsu. Ba sa magana da kwamfutar mota ko kaɗan. Ɗan rezisto ne aka dasa a cikinsu don su ja ƙarin wuta. A ƙananan ƙwayaye, irin na lamba da na fakin, sukan yi aiki. A gurbin mai wat 21 sau da yawa nauyin bai kai ba, kuma zafin da rezistan ke yi a cikin ƙwan shi ne ke rage wa LED kwana.

Hanyar da aka fi bi a garejinmu ita ce rezisto na waje, ɗan ƙarfen nan mai launin zinare da tsaga-tsaga a jiki, wanda aka rubuta om 6, wat 50. Ita ce kuma hanyar da na fi so a yi a hankali da ita, a sa ta ƙarshe a jerin zaɓi.

Ana haɗa shi ne a kafaɗa da ƙwan, ƙafa ɗaya a wayar da ke kawo wuta ga wannan aikin, ɗaya a wayar at. Ba a yanka waya a sa shi a tsakiya, yin haka dushe fitilar kawai zai yi. Kowane ƙwai da aka canza yana bukatar nasa. Aikinsa ya sha wutar da LED ya bari, jimlar ta kai abin da motar ta saba ji. Ita kuma wutar da ya sha, zafi take komawa gaba ɗaya. Injin na aiki, wutar mota takan kai bolt 14. A haka rezisto mai om 6 yana jan amfiya 2.3, yana mai da kusan wat 33 zafi, a jikin ƙarfen da bai fi babban yatsa ba. A layin sigina, da yake kamawa yake yana saki, yana samun hutu. A layin birki babu hutu muddin ƙafarka tana kai. Ka tuna tsayuwa a shingen jami'ai, ko cunkoson Jega ranar kasuwa, da mota mai giya otomatik ƙafa a kan birki minti biyar, goma, a watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40. Rezisto a haka yana wuce zafin tafasasshen ruwa. Wat 50 ɗin da aka rubuta a jikinsa, sai an ɗaure shi a kan ƙarfen da zai ɗebe masa zafi yake iya ɗauka.

Saboda haka wurinsa jikin bodi ne, ƙarfe da ƙarfe, a ɗaure da sukurori biyu, nesa da roba da kafet da sauran wayoyi. Kada a naɗe shi da salatif, kada a bar shi yana reto, kada a liƙa shi da gam. Ina nanata wannan ne saboda na san abin da but ɗinmu ke ɗauka: buhunan leda, tabarmi, kayan sawa, wani lokaci har jarkar fetur. Rezisto mai zafi a bayan kafet ɗin but, kusa da jarka, abu ne da bai kamata kowa ya yarda da shi ba don kawai alama ta ɓace a dashbod. Haɗin wayar ma a yi shi da dalma a rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Murɗe waya da hannu a naɗe, gargada za ta kwance shi, kuma haɗin da ya yi sako-sako shi kansa zafi yake yi.

Kuskure mafi haɗari shi ne sa mai om 6 a layin ƙaramar danja. Wannan layin don wat 5 aka yi shi, kuma a kunne yake daga magariba har a isa. Mai om 6 zai ja fiye da ninki biyar na abin da layin ya saba, dare guda cur. In an yi sa'a fis ya ƙone, danja ta mutu a tsakiyar hanya. In ba a yi sa'a ba, soket ya narke ko akwatin kwamfuta ya tafi. Abin da ya dace da gurbin wat 5 shi ne mai om 25 zuwa 30. A ƙwai mai aiki biyu kuwa, dole a tantance wace waya ce ta birki, wace ce ta danja, kafin a haɗa.

Akwai abubuwa biyu da rezisto ke ƙwace maka, kuma ba kasafai ake gaya wa mai mota ba. Na farko, sauƙin shan wuta da aka sayi LED dominsa ya tafi, batir da altaneta suna ɗaukar nauyi irin na da, ko fiye. Na biyu shi ne babba. Daga ranar da aka sa shi, motar rezistan take ji, ba ƙwan ba. LED ya mutu gobe, rezisto yana nan yana jan wutarsa, dashbod shiru, sigina na ƙyaftawa daidai a gabanka alhali a baya duhu ne. Haka ma filashar LED, da yawansu ba sa ninka sauri in ƙwai ya mutu, haka ma in an kashe awon ta kwamfuta. Kowace hanya aka bi, aikin lura da danja ya dawo wuyan direba. LED kuma yana mutuwa. Zafi da ruwan da ke shiga ta tsagar gilashi da wutar altaneta da ta haura suna kashe shi, musamman mai araha, kuma sau da yawa a hankali yake tafiya, layi ɗaya ya mutu, sauran su dushe.

In ABS ko wata alama ce ta kama

Layin fitilar birki ba fitila kaɗai yake yi wa aiki ba. Daga shi kwamfutar ABS da ta injin da abin riƙe gudu da makullin giyar otomatik suke sanin ka taka birki. A wasu motoci, zaren tsohon ƙwai shi ne ke sauke ragowar wutar layin zuwa bodi in ka ɗaga ƙafa. LED ba ya saukewa haka, sai layin ya zauna da 'yar wuta, kwamfuta ta rikice tsakanin an taka da ba a taka ba. Nan ne fitilar ABS ko ta VSC, mai hana mota zamewa, ke kamawa, ko abin riƙe gudu ya ƙi aiki. Sau da yawa barin tsohon ƙwai ɗaya a layin, misali a fitilar birki ta uku da ke bayan gilashi, ya isa ya daidaita lamarin. In giya ta ƙi fita daga P bayan aikin danja, a fara duba fis ɗin birki, mai yiwuwa an ƙona shi wajen gwaji.

Amma kada a ɗora wa LED kowane laifi. Launukan dashbod suna da ma'ana. Kore da shuɗi labari ne kawai, ruwan ɗorawa na nufin a duba ba da daɗewa ba, ja na nufin a tsaya. Jar alama mai da'ira da motsin rai a ciki ta birkin hannu ce ko ta ƙarancin man birki. Jar butar mai tana nufin baƙin mai ba ya zagayawa da ƙarfi, injin na iya bugawa cikin mintoci. Hoton batir na nufin altaneta ba ta caji. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da rezisto ke gyarawa, ko da a ranar da aka sa danja suka fito.

Abin da nake roƙo a bari shi ne liƙa baƙin salatif a kan alama, ko buɗe dashbod a zare ƙwanta. Ana yi, musamman in za a sayar da mota. Alamar da aka rufe yau don LED, ita ce za ta so yi maka magana gobe a kan wani abu daban. Akwai ma tarko a tsofaffin motoci: ƙwan alamar batir shi ne ke ba altaneta wutar farko da take tashi da ita. Ka zare shi, ko ka sa LED a gurbinsa, tana iya daina caji, kuma babu alamar da za ta gaya maka. Mai sayen mota, ko daga Kwatano ta fito ko ta hannu ce, ya murza makulli mataki ɗaya kafin tayarwa ya kalli dashbod. Alamun ABS da jakar iska da injin da batir da mai duk su kama, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba tun farko, a tambayi dalili.

Manyan motoci da babura

Tirela da daf galibi bolt 24 suke aiki da shi. Ƙwan LED na bolt 12 ba ya daɗewa a kansu, sai a nemi mai 24 ko wanda aka rubuta 12 zuwa 24. Rezisto mai om 6 kuwa a bolt 24 kusan wat 100 zai sha, ninki biyu na ƙarfinsa. Nasu ya kai wajen om 27.

'Yan kabu-kabu kuma matsalarsu daban ce. Ƙananan babura da yawa kai tsaye daga kwayil suke ba fitilu wuta, ba ta batir ba, shi ya sa LED ke rawa in injin na silo. In kuma babur yana da ƙwan alama ɗaya tak a gaba na sigina hagu da dama, sa LED kan sa duk huɗun su kama tare, saboda wuta na tsallakawa ta wannan ƙwan. Dayod biyu a wayoyin ƙwan alamar suna magance shi.

Ko ya dace a canza tun farko?

Ra'ayina shi ne, ba kowace danja ce ke son LED ba. Gidan danja na asali an ƙera madubinsa ne don haske ya taso daga ɗigo ɗaya, inda zaren yake. Ƙwan LED da ke harba haske gaba kawai zai yi kyau in ka tsaya daidai bayansa, ka matsa gefe kaɗan ya dushe. Araha ba ta ado, kuma kasuwannin sifiya, daga Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna har Ladipo a Legas, suna da mai kyau da marar kyau a kwali iri ɗaya. Danja sukutum da ta cika ƙa'idar Turai tana da harafin E da lamba a cikin da'ira a jikin gilashinta, ta Amurka kuma DOT ko SAE. A duba, ko da yake jabu ma kan buga su.

Launi ma abin kula ne. Bayan jan gilashi jan LED ake sa, bayan ruwan ɗorawa irinsa. Farin LED ba shi da ja sosai a haskensa, gilashin ya tace shi ya bar ɗan abin da ya rage, sai ya fito fari-fari, ba ƙarfi. Shuɗi da masu walƙiya kala-kala a bayan mota suna ruɗa na baya, kuma suna ba jami'an kiyaye haɗurra da VIO hujjar tsayar da kai.

Gwajin da ya fi kowane amfani ana yin sa ne da rana tsaka, kafin a biya. A sa LED a gefe ɗaya, a bar tsohon ƙwai a ɗayan. Ka koma baya taku 40, a kunna danja, a taka birki, a saki, a ba da sigina. Ka matsa dama, ka matsa hagu. In LED bai kai tsohon haske ba, ko bambancin danja da birki bai fito fili ba, a mai da tsohon. Ƙwai mai wat 21 yana nan a kowane shagon sifiya daga Jega har Koko, kuma motar ta san shi. Wanda ke fama da tsinkewar zare saboda gargada, zai iya sa LED a ƙaramar danja da fitilar lamba, ya bar birki da sigina yadda suke.

Wanda kuma ya riga ya sa rezisto ko filashar LED, ko aka kashe masa awo a kwamfuta, sai ya mai da duba danja cikin aikin safe, tare da duba mai da ruwa. Direban haya ya sa yaron mota ya tsaya a baya kafin a yi lodi a tasha: danja, birki, sigina hagu, sigina dama, ribas. Mai tafiya shi kaɗai ya yi baya kusa da bango da yamma, ya taka birki ya kalli madubi, jan zai nuna a bangon gefe biyu. Bayan tafiyar farko da sabon rezisto, a buɗe but a duba roba da kafet da ke kusa da shi, a kai bayan hannu kusa ba tare da an taɓa ba. In akwai ƙaurin roba ko wurin da ya canza launi, a cire shi a sake masa wuri kafin a ƙara tafiya.